Zaftarewar Dusar Ƙanƙara Bayan Hunturu: Haɗarin da Ke Bin Agogo da Wanda Ba Ya Bi

Duk mai bibiyar labaran duniya ya saba da wata jimla da kan dawo kowace shekara: dusar ƙanƙara ta zaftare a tsaunukan Alps, ta binne mutum kaza. Ba kasafai ake lura da kwanan watan ba. Mutum zai ɗauka labarin Janairu ne da Fabrairu, tsakiyar hunturun Turai, kuma lalle a nan aka fi asarar rayuka. Sai dai labarin ba ya yankewa da wucewar sanyi. Yana ci gaba da zuwa a Maris da Afrilu, wani lokaci har cikin Mayu, alhali a garuruwan da ke gindin tsaunukan furanni sun buɗe, mutane sun rataye manyan rigunan sanyi. Ranar 9 ga Afrilun 2023, Lahadin Ista, dusa ta zaftare a Armancette, cikin jerin tsaunukan Mont Blanc na Faransa, ta kashe mutum shida. Biyu daga cikinsu ƙwararrun jagorori ne, waɗanda sanin dutse ne abincinsu. Gari garau yake a ranar, kuma hasashe ya sa haɗarin a mataki na biyu cikin biyar.

Kafin a shiga dalili, ya kamata a san su wane ne ke zuwa irin waɗannan wurare. Filin wasan zamiya da aka tanada daban, dajin tsauni daban. A filin wasa akwai ma'aikata da kan fita tun asuba su jefa nakiya a gangaren da suke zargi, su zubar da dusar da gangan kafin a buɗe wa jama'a, su kuma rufe hanyar da ba su amince da ita ba. A dajin tsauni babu mai yi maka wannan hidima. Masu zuwa can kan manna wata fata mai gashi a ƙasan katakon zamiyarsu don kada ya zame baya, su hau da ƙafarsu awa huɗu ko biyar, sannan su ɓare fatar su gangaro. A wurinsu watannin narkewa su ne kaka. Yini ya yi tsawo, sanyi ya sassauta, dusar hunturu ta toshe ramukan da ke cikin daskararrun kogunan ƙanƙara, masaukan kan tsauni sun buɗe. A wannan lokaci ake bin shahararriyar hanyar nan ta Haute Route, daga Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan, tafiyar kusan mako guda. A tsaunukan Alps baki ɗaya zaftarewar dusa na cin rayuka kimanin 100 a shekara, a Suwizalan kaɗai sama da 20, a Amurka tsakanin 25 da 30. Akwai kuma adadin da ya fi waɗannan nauyi: cikin mutum goma da dusa ta rutsa da su a dajin tsauni, kimanin tara su suka tayar da ita da kansu, ko wani cikin abokan tafiyarsu.

Wanda bai taɓa haƙa dusar ba zai zaci farin tudu ne guda ɗaya daga sama har ƙasa. In aka sa shebur aka yanke ta, sai a tarar hawa-hawa ce. Kowace zuba ta bar shimfiɗarta, kowace iska ta daddale wata, kowace rana mai ɗumi ta bar ɓawo. Wasu shimfiɗun sun kama juna, wasu ba su kama ba. Mafi sharri ita ce wadda kan samu a farkon hunturu, lokacin da dusar ba ta yi kauri ba kuma dare na da tsananin sanyi. Ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan kusa da digiri sifili, iskar da ke sama kuwa tana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili. In bambancin ya kai kamar digiri ɗaya a kowane santimita goma, sai tururi ya riƙa tasowa daga ƙasa ta cikin dusar, ya sake ƙera ƙwayoyinta, su zama manya masu kusurwa da ba sa manne wa juna. In ka dumbuza, zubewa suke ta tsakanin yatsu, shi ya sa masu harkar ke ce musu sukari. Daga baya sabuwar dusa ta rufe su, iska ta danne ta, ta zama falle ɗaya mai tauri. Ka baza gero a kan tabarma, ka ɗora faranti a kai, sannan ka ɗaga gefe ɗaya na tabarmar. To, haka fallen yake zaune a kan sukarin.

Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya raunanniyar shimfiɗar a wuri guda. Tsagar sai ta ruga ta ƙarƙashi, kafin ƙiftawar ido ta ratsa gangaren, fallen ya ɓalle gaba ɗaya, wanda ya tayar da shi kuwa yana tsakiyarsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi gudun yakan haura kilomita 100 a awa. Wannan zaftarewa ta busasshen falle ita ke kashe mafi yawan mutane. Tana son gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, ta fi yawa a wajen 35 zuwa 40. Ƙasa da 30 dusa ba ta cika motsi ba, sama da 50 kuwa ba ta samun zama ta taru, zubewa take kaɗan-kaɗan. Abin takaici, wannan tsaka-tsakin shi ne daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya.

Da rana ta fara ƙarfi a Maris sai lissafi ya sauya. Sabuwar dusa na mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana, tsohuwa jiƙaƙƙiya kuwa kusan rabi take shanyewa. Da rana samanta ya narke, ruwan ya tsiyaya ciki. Da dare, in sama ta washe, zafin ya fice, saman ya daskare ya zama ɓawo mai kauri da ke ɗaukar mutum. In aka yi kwana da kwanaki ana haka, narke da rana, daskare da dare, ƙwayoyin sai su girma, su mulmule, su haɗe. Da hantsi, lokacin da rana ta tausasa santimita biyu ko uku na sama amma ɓawon ƙasa na nan da ƙarfinsa, ana samun irin dusar da masu zamiya ke tsallaka ƙasashe don su taka. A wannan sa'a gangaren na cikin mafi amincin halin da yake shiga a duk shekara.

Daga nan maganar cewa lokacin narkewa ya fi aminci ta samo asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma fa amincin na awoyi ne. Gangaren da ya ɗauki mutum goma da ƙarfe takwas na safe yana iya saukowa da kansa da ƙarfe ɗaya na rana. Ruwa kaɗan danƙo yake ƙara wa dusa, ruwa mai yawa kuwa narkar da mahaɗin ƙwayoyin yake. Sai dusar ta fara zamewa daga wuri guda, sau da yawa daga gindin baƙin dutsen da ya ɗauki zafi, tana kwasar ta gabanta tana faɗaɗa. Jiƙaƙƙiyar zaftarewa ba ta da gudun busasshiya, har mutum ya ga kamar zai tsere mata. Nauyinta ne abin tsoro. Akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, in aka cika shi da sabuwar dusa, da wuya ya wuce kilo 100. In jiƙaƙƙiya ce yakan kai kilo 400 ko 500. Tana tumɓuke itatuwa, tana kwasar duwatsu, tana bin kwazazzabo har ta isa kwarin da ciyawa ta riga ta tsiro, inda mai yawon shan iska ba ya ko ganin dusa a gabansa.

Saboda haka tafiyar wannan lokaci tafiyar agogo ce. A masaukan kan tsauni ana karya kumallo da ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, a fita da fitila ɗaure a goshi. Abin da ake so shi ne a kai ƙololuwa, a gangaro, a bar wurin kafin rana ta cinye ɓawon. Gasar Patrouille des Glaciers, wadda sojojin Suwizalan ke shiryawa daga Zermatt zuwa Verbier duk bayan shekara biyu a wajen watan Afrilu, cikin dare ake tashinta. In kana taƙamar ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Sannan rana ba ta bugun kowace fuska lokaci ɗaya. A arewacin duniya gangaren da ke kallon gabas shi ke fara laushi, mai kallon kudu ya biyo baya, mai kallon yamma sai bayan azahar. Mai kallon arewa kuwa, musamman sama da mita 3,000, yana iya zama cikin hunturu har Mayu. Gwanin jagora yakan tsara hanyarsa yadda zai riga rana zuwa kowace fuska. Dole kuma ya tuna da hanyar komawa. Kwarin da aka bi da asuba lami lafiya, gangarensa a daskare, shi za a sake bi da rana tsaka bayan gangaren ya yi awa shida yana shan zafi. A nan lissafin mutane da yawa ke kwancewa, don hankali na kan ƙololuwa, ba a kan kilomita ukun ƙarshe kafin mota ba.

Duk wannan tsari a kan daren jiya ya rataya, kuma ba ma'aunin zafi kaɗai ke yanke hukunci ba. In sama ta washe, iska kuma busasshiya ce, dusa na iya daskarewa ko da ma'auni ya nuna digiri biyu ko uku sama da sifili, domin tana sakin zafinta kai tsaye zuwa sararin sama. In gajimare ya rufe, yakan tare zafin ya mayar mata, ta kwana a jiƙe. Wani lokaci ɓawon na samuwa amma siriri: ya ɗauke ka da ƙarfe shida, ya fashe da ƙarfe takwas. In aka yi dare biyu ko uku a jere babu daskarewa, to babu sauran sa'a mai aminci, ko da asubar fari ce. Ruwan sama ya fi haka muni, don yana ƙara wa dusar nauyi yana kuma kwance ta lokaci ɗaya, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin gangare ya fara zubowa. A Wellington ta jihar Washington, ranar 1 ga Maris 1910, ruwa da tsawa ne suka sauka a kan dusar da ta yi kwanaki tana zuba, gangaren ya sauko a kan jiragen ƙasa biyu da suka maƙale, mutum 96 suka mutu. Har yau ba a yi wadda ta kai ta cin rayuka a Amurka ba.

Jiƙaƙƙiyar dusa dai tana da kirki ɗaya, takan yi sallama kafin ta zo. Mutum ya cire katako ya taka da takalmi: in ƙafa ta nutse ta wuce idon sawu, lokaci ya fara ƙurewa, in ta kai ƙauri ko gwiwa, ya riga ya wuce. In ya matse ta a hannu ruwa ya ɗiga, duk maganar ɗaya ce. Akwai ƙananan dunƙule da ke gangarowa da kansu suna naɗewa, akwai duwatsun da ke faɗowa daga bango saboda ƙanƙarar da ta riƙe su ta sake. Shaidar da ta fi duka ƙarfi ita ce sabuwar zaftarewa a wani gangare mai fuska ɗaya da tsayi ɗaya da wanda ake shirin hawa.

Akwai wani baƙo da ke sa hannu a wannan lissafi, daga nahiyarmu yake. Iskar kudu kan ɗauko ƙurar Sahara, ta tsallake Bahar Rum, ta sauke a kan Alps da Pyrenees, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da tsakiyar Maris 2022, lokacin da hotunan dusa mai launin jar ƙasa suka cika intanet. Hamadar da ke aiko mana da hazo ita ce ke rina musu tsauni. Dusa mai ƙura ta fi shan rana, ta fi saurin narkewa, don haka agogon da jagora ya saba da shi sai ya yi gaba. Ko sabuwar dusa ta rufe ta, ƙurar na nan a ciki, ta sake bayyana ranar da narkewa ta iso kanta.

Zuwa nan ƙa'idar da sauƙi: ka tashi da wuri, ka dawo da wuri. A ganina babban tarkon a nan yake, domin wanda ya haddace wannan yakan ɗauka ya gama da dutse. Alhali akwai haɗarin da ba ruwansa da agogo.

Jihar Kolorado ita ce kan gaba a Amurka wajen mace-macen zaftarewar dusa. Yanayinta busasshe ne mai sanyi, dusarta ba ta cika kauri ba, wato daidai yanayin da ke haifar da sukarin nan. Ranar 20 ga Afrilun 2013 mutum shida suka tashi daga bakin titi kusa da Loveland Pass, suka shiga kwarin Sheep Creek. Ba 'yan koyo ba ne. Suna ɗauke da kayan ceto, sun san hasashen ranar ya sa haɗarin a mataki na uku, kuma wani taro ne ya kawo su yankin, wanda aka shirya don wayar da kai a kan wannan haɗari da tara wa cibiyar hasashen jihar kuɗi. Kwana biyu kafin nan wata zaftarewa ta kashe wani kusa da Vail Pass. Su shidan ba su hau gangaren da ke saman kwarin ba, ta gindinsa suke ratsawa, a wuri mai sauƙin karkata, kuma sun ba juna tazara. Amma raunanniyar shimfiɗar da ta samu tun farkon hunturu tana nan a ƙasa, dusar Afrilu mai yawa da iska sun ƙara mata kaya. Ta karye a ƙarƙashinsu, tsagar ta haura sama, falle mai faɗin kimanin mita 200 ya sauko ya tura su cikin kwazazzabo. Biyar suka rasu. Na shida ya yi wajen awa huɗu a binne, fuskarsa a waje, kafin a tono shi. Da safe abin ya faru, ba da nisa da inda suka bar mota ba.

Sammako bai yi musu komai ba, don ba rana ce ta kwance dusar ba. Abin da ya faru ya nuna ana iya tayar da gangare daga gindinsa, daga wurin da yake kusan shimfiɗe, muddin shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafa ita ce ta haura har sama. Ya nuna tazarar da ba ta kai faɗin abin da zai iya saukowa ba, sunanta kawai tazara. Ya kuma nuna sharrin kwazazzabo: dusar da za ta bazu a fili ta binne mutum santimita hamsin, a can taruwa take ta binne shi mita uku. Irin wannan shimfiɗa mai zurfi ba ta yin sallama. Mutum ɗari na iya bi ta kanta ba abin da ya faru, na ɗari da ɗaya ya taka inda fallen ya yi siriri, kusa da wani dutse da dusa ta ɓoye.

Ita wannan tsohuwar shimfiɗa tana da wata ranar kuma, ranar da ruwan narkewa ya fara isa gare ta. Ruwa ba ya sauka cikin dusa bai ɗaya. 'Yan hanyoyi yake bi, ya taru a kan wani ɓawo ko a iyakar shimfiɗu biyu. In ya jiƙa sukarin a karon farko, dusar hunturun gaba ɗaya na iya ɓallewa har ƙasa. Masu hasashe da kansu sun yarda wannan na cikin abin da ya fi ba su wuya, kuma gangaren arewa kan shiga wannan hali makonni bayan na kudu sun gama nasu, lokacin da kowa ya saki jiki. A kan gangare mai ciyawa ko sulɓin dutse kuma, dusar gaba ɗaya takan riƙa jan ciki a hankali, ta buɗe tsaga har a hango ƙasa. Tana iya zama haka kwanaki, tana iya saukowa cikin dare mai tsananin sanyi. Nakiya ma ba ta cika tayar da ita ba, abin yi kawai shi ne kada a daɗe a ƙarƙashinta. Sai leɓen dusa da iska ke ginawa a doron tsauni, wanda a ƙarshen hunturu yake kai maƙurar girma, kuma yakan karye can baya fiye da inda mutum ke zato. Hunturun ma kansa yakan juyo. Guguwar Afrilu na iya zuba sabuwar dusa a kan ɓawo mai santsi, iska ta mai da ita falle, ranar farko da ta haska ta kuma ta kwance ta cikin awa biyu. A ƙarshen Afrilun 2018 ba zaftarewa ce ta kashe mutum bakwai a Pigne d'Arolla, kan hanyar Haute Route ba. Guguwa ce ta rufe su, suka kwana a fili, 'yan mitoci ɗari kaɗan daga masauki.

Me ƙasashen suka tanada? Suwizalan na cikin waɗanda suka fara ɗaukar abin a matsayin ilimi. Tun 1936 ake nazarin dusa a Weissfluhjoch, bisa garin Davos, kuma cibiyar SLF da ta fito daga wannan aiki tana fitar da sanarwar gargaɗi tun 1945. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai mataki biyar. Mai karatu zai zaci a mataki na huɗu da na biyar ake mutuwa. A'a. Kimanin rabin mace-macen a mataki na uku suke faruwa, kusan kashi 30 cikin ɗari kuma a na biyu, saboda a na huɗu da na biyar mutane na zama gida. A watannin narkewa SLF kan fitar da taswira biyu a rana guda, ɗaya ta busasshiyar dusa, ɗaya ta jiƙaƙƙiya wadda haɗarinta ke hawa da hawan rana. Ni dai a wurina lambar ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin sanarwar. Bayanin da ke ƙasanta shi ke faɗin wace irin matsala ce, a wace fuska, daga wane tsayi. Kuma sanarwar ta yanki ce mai faɗin kilomitoci, ba ta gangaren da ke gabanka ba.

Wani jagora ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya yi fice a shekarun 1990 da cewa haƙa rami ɗaya ba zai gaya maka halin gangare gaba ɗaya ba, don dusar na sauyawa cikin 'yan taku. Shawararsa ita ce a rage haɗari da ƙa'ida. Mafi sauƙinta: a mataki na biyu kada a wuce digiri 40, a na uku 35, a na huɗu 30. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma ta shiga koyarwar ƙungiyoyin hawan dutse na yankin. Sai dai don busasshen falle aka gina ta. Da ƙarfe biyu na ranar Afrilu, dusa ta jiƙe sharkaf, ba ta da abin da za ta ce maka.

Sauran matsalar ba a cikin dusa take ba, a cikin kai take. Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya bi diddigin haɗurra sama da 700 da aka yi a Amurka tsakanin 1972 da 2003, ya ga waɗanda abin ya shafa sau da yawa sun ga alamu ƙarara amma suka ci gaba. Wasu don sun saba da wurin, wasu don sun riga sun ƙudurta sai sun kai, wasu don suna bin wanda suka ɗauka gwani ne, wasu don kada wata ƙungiya ta riga su taka sabuwar dusa, wasu don ana kallonsu. Lokacin narkewa na ƙara wa duk waɗannan ƙarfi. An ɗauki hutu, an biya kuɗin masauki tun watanni, gari ya yi kyau, ana tafiya da riga mai gajeren hannu, wa zai buɗe baki ya ce a koma? Abin ba sabo ba ne. Ranar 3 ga Afrilun 1898, a hanyar Chilkoot ta Alaska, masu rububin zinaren Klondike sun ga dusa ta zuba sosai, iska mai ɗumi ta biyo baya. 'Yan ƙabilar Tlingit masu dakon kaya, waɗanda suka san dutsen tun kakanni, suka ƙi hawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu neman zinare da yawa ba su saurara ba, sama da 60 suka mutu.

Kayan ceto uku ne ba a fita sai da su: na'urar da ake ratayawa a jiki, mai aika sigina a kan mita 457 kHz kuma mai neman ta wanda ya binnu, da doguwar sandar lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Dalilin yana cikin wani nazari da Hermann Brugger da Markus Falk da abokiyar aikinsu suka wallafa a 1994, daga bayanan Suwizalan. Waɗanda aka tono cikin minti 15, sama da kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa. In aka kai minti 35, adadin ya faɗo zuwa kamar kashi 30. Sabon nazari ma ya rage wancan lokaci na farko zuwa wajen minti goma. Kusan kashi uku cikin huɗu na mamatan rashin iska ke kashe su, yawancin sauran kuma buguwa da itace ko dutse. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso cikin minti goma, don haka mai ceton mutum shi ne abokin tafiyarsa. Kuma ganowa ba ita ce mai wuya ba, haƙar ce. Don a kai ga wanda ya binnu mita ɗaya sai an kwashe dusa sama da tan guda, jiƙaƙƙiya kuwa da ta tsaya takan sandare, iskar da ke cikinta ba ta da yawa. Akwai jakar baya mai balan-balan da ake ja ta kumbura, ta taimaka wa mutum ya tsaya a sama. Wani nazari na 2014 ya nuna tana rage mutuwa daga kashi 22 zuwa 11 cikin ɗari. Rabi ke nan, ba abin rainawa ba ne. Amma ba ta hana karo da itace, ba ta hana faɗawa daga bango, ba ta kuma fitar da wanda dusa ta taru a kansa cikin kwazazzabo. Wanda ya ƙara karkatar gangaren da zai hau saboda ya sayi jaka, ya cinye ribar tun kafin ya fita.

Sauyin yanayi kuma yana rikita kalandar. Tsaunukan Alps sun ƙara ɗumi da kimanin digiri biyu tun ƙarshen ƙarni na 19, don haka ana samun ruwan sama da jiƙaƙƙiyar zaftarewa a tsakiyar hunturu, a tsayin da a da ba a saba gani ba. Sunan wata ba ya gaya maka irin dusar da za ka tarar.

In kana cikin 'yan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai su Grenoble, Innsbruck, Turin ko Denver, wata rana abokai za su ce a je dutse tunda sanyi ya wuce, ko da yawon ƙafa ne kawai. Ka tambayi mai jagorantar tafiyar abin da sanarwar ranar ta ce, ba lambar kaɗai ba. Ka tambaye shi ko dusar ta daskare jiya da dare, ko hanyar na ratsa gindin wani gangare mai dusa a sama, da ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ko ba a kai ba. In ya kasa amsawa, kada ka bi shi. Sanarwar kyauta ce a intanet, lambar neman agaji a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, ta jirgin ceto a Suwizalan kuma 1414.